Kyautar Emmy ta Ƙasa da Ƙasa: wa ke bayar da ita, kuma ta wace hanya shiri yake kaiwa gare ta?

Tambaya: Malam, ina yawan kallon shirye-shiryen Turkiyya masu dogon zango, kuma na ga an rubuta a tallan ɗaya daga cikinsu, Kara Sevda, cewa ya ci kyautar Emmy. Da na duba jerin waɗanda suka ci Emmy a bikin da ake yi a Los Angeles ban ga sunansa ba. Shin ƙarya masu tallan suka yi? In kuwa akwai wata Emmy daban, wa ke bayar da ita, kuma me ya sa ban taɓa jin an ambaci wani shirin Hausa a cikinta ba?

Amsa: Ba ƙarya suka yi ba, ɗan'uwa, ka dai nemi sunan ne a inda ba a rubuta shi ba. Kara Sevda ya ci Emmy a shekarar 2017, kuma shi ne shirin Turkiyya na farko da ya yi wannan nasara a rukuninsa, amma Emmy ta ƙasa da ƙasa ce ya ci, wadda ake bikinta a birnin New York a ƙarshen watan Nuwamba. Wadda ka duba jerinta ita ce ta shirye-shiryen Amurka na dare, wadda aka saba yi a Los Angeles cikin watan Satumba. Na shafe shekaru ina aikin zaɓo shirye-shiryen ƙasashen waje da kula da fassararsu a gidan talabijin, kuma a irin wannan aiki dole mutum ya riƙa bin wannan gasa shekara bayan shekara, domin daga cikinta ake gane inda kasuwa ta dosa. Saboda haka zan ba ka amsa da ɗan tsawo, musamman a kan ɓangaren ƙarshe na tambayarka, wanda shi ne ya fi damuna.

An fara bayar da kyautar Emmy a Amurka a watan Janairun 1949, lokacin da talabijin kansa yake jariri. Sunan ya samo asali ne daga laƙabin da injiniyoyi suke yi wa wani bututu da ke cikin kyamarorin talabijin na wancan zamani, wanda suke kira Immy, sai aka ɗan sauya shi domin ya dace da mutum-mutumin da ake bayarwa, wato mace mai fukafukai da ta ɗaga ƙwayar zarra sama. Wani injiniya mai suna Louis McManus ne ya zana shi. A yau ƙungiyoyi uku ne suke raba wannan mutum-mutumi, kowace da fagenta. Ta Los Angeles tana kula da shirye-shiryen dare na Amurka, akwai wata da ke kula da na rana da labarai da wasanni, sai ta uku, wadda ita ce abin maganarmu, mai suna International Academy of Television Arts and Sciences. An kafa ta a 1969, hedikwatarta tana New York, kuma ta yi bikin raba kyaututtukanta na farko a 1973. Aikinta shi ne karrama shirye-shiryen da aka yi kuma aka fara nunawa a wajen Amurka. Mambobinta shugabannin gidajen talabijin ne da kamfanonin shirya fina-finai daga ƙasashe sama da sittin. Mutum-mutumin da take bayarwa shi ne dai wanda ake bayarwa a Los Angeles, don haka wanda ya karɓa a New York ya ci Emmy cikakkiya, babu wani ragi a darajarta.

Abin da ya fi rikita mutane, har da wasu 'yan jarida, shi ne zaton da suke yi cewa ƙasashe ne suke tura shirye-shirye, kamar yadda ake yi a rukunin fina-finan ƙasashen waje na kyautar Oscar, inda kowace ƙasa take da kwamitin da zai zaɓi fim ɗaya ya wakilce ta. A nan babu irin wannan kwamiti, kuma babu ruwan gwamnati. Kamfanin da ya shirya shirin, ko gidan talabijin da ya nuna shi, ko mai rarraba shi, shi ne zai cike takarda, ya biya kuɗin shiga, ya miƙa abin da yake so a kalla, tare da fassarar Turanci a ƙasan allo idan shirin ba da Turanci aka yi shi ba. Shirin da aka nuna a cikin shekara guda, daga Janairu zuwa Disamba, shi ne yake shiga gasar shekarar da ke biye. Wannan yana nufin ƙasa ɗaya tana iya samun shirye-shirye goma a cikin gasar, wata kuma ba ta da ko ɗaya, kuma rashin nata ba hukunci ba ne da wani ya yanke a kan ingancin ayyukanta. Alƙalan ba sa yawo a duniya suna neman shiri mai kyau. Abin da aka kawo gabansu shi suke dubawa, wanda kuwa ba a kawo ba, ko da ya fi kowane kyau, sunansa ba zai taɓa fitowa ba.

Alƙalancin kansa zagaye uku ne, kuma yana cin watanni. Masu yin sa ƙwararru ne a sana'ar, furodusoshi da daraktoci da marubuta da 'yan wasa da masu sayen shirye-shirye, kuma adadinsu yakan kai kusan dubu a shekara. Zagaye na farko ta intanet ake yi. Na biyu kuwa, wato na kusa da ƙarshe, a birane daban-daban na duniya ake zama, inda wani kamfani daga cikin mambobi zai karɓi baƙuncin alƙalai su zauna a ɗaki ɗaya su kalla, kowa ya ba da makinsa. Daga nan ake fitar da shirye-shirye huɗu a kowane rukuni, a bayyana sunayensu wajen ƙarshen Satumba, sannan zagaye na ƙarshe ya fitar da gwani. Ba a barin wanda yake da hannu a wani shiri ya yi alƙalanci a kansa. Wani abu da ya kamata mai kallo ya sani shi ne, shirin da kai ka bi na tsawon watanni kashi bayan kashi, alƙali ɗan yanki kawai yake gani daga cikinsa, wanda masu shirin suka zaɓa suka miƙa. Don haka zaɓen kashin da za a tura shi ma wata fasaha ce, domin dole ya tsaya da ƙafarsa a gaban mutumin da bai san tarihin jaruman ba kuma bai san al'adar da labarin ya fito daga cikinta ba.

Idan ka jera sunayen huɗun da suke kaiwa ƙarshe na shekaru da dama, za ka lura da wani tsari da yake maimaita kansa a manyan rukunoni: ɗaya daga ƙasashe masu magana da Turanci, ɗaya daga sauran Turai, ɗaya daga Latin Amurka, ɗaya kuma daga Asiya ko Afirka ko Gabas ta Tsakiya. A rukunin wasan kwaikwayo na 2020, misali, akwai shirin Birtaniya da na Jamus da na Ajantina da na Indiya, kuma na Indiyan, Delhi Crime, shi ne ya yi nasara. A rukunin jaruma na 2017 akwai Anna Friel ta Birtaniya, wadda ta ci, da Sonja Gerhardt ta Jamus, da Adriana Esteves ta Barazil, da Thuso Mbedu ta Afirka ta Kudu. Amfanin wannan tsari a fili yake, domin yana hana ƙasashe biyu ko uku masu kuɗi su cinye dukkan kujeru. Amma a ganina yana da nauyi a kan Afirka, saboda shirin da ya fito daga Legas ko Nairobi ko Kano sai ya yi gogayya da na Indiya da Koriya ta Kudu da Japan kafin ya samu kujerar nan guda, kuma waɗannan ƙasashe ne da suka daɗe suna zuba jari mai yawa a harkar.

Rukunonin da kansu sun yi ta ƙaruwa da tafiyar zamani, har sun kai goma sha shida a 'yan shekarun nan: wasan kwaikwayo mai dogon zango, barkwanci, shirin gaskiya, fim ɗin talabijin ko gajeren jeri, shirye-shiryen yara, labarai da al'amuran yau da kullum, da sauransu. Wanda ya shafi tambayarka kai tsaye shi ne rukunin telenobela, wato irin dogon labarin nan mai kashi-kashi masu yawa, wanda galibi soyayya da rikicin iyali da ramuwar gayya suke riƙe da shi, kuma Latin Amurka ce ta yi fice da shi har sunan ya bi duniya. An buɗe rukunin a 2008, kuma abin da ya ba mutane mamaki shi ne, wanda ya fara cin sa ba daga Barazil ko Meziko ya fito ba, daga Jodan ya fito: shirin Larabci mai suna Al-Ijtiyah, wanda ya gina labarinsa a kan mamayar da sojojin Isra'ila suka yi wa Yammacin Kogin Jodan a 2002. Bayan haka kamfanin Globo na Barazil ya riƙe fagen, ya ci a 2009, sannan ya jera shekara biyar yana ci daga 2012 zuwa 2016. Wannan jerin ne Kara Sevda ya katse a 2017, abin da ya sa nasarar ta yi amo sosai a Turkiyya, domin ta tabbatar wa masu sayen shirye-shirye cewa Turkawa sun iya irin labarin da ake ganin gadon Latin Amurka ne. Kamfanin da ya yi shi, Ay Yapım, ya sake cin rukunin a 2023 da shirin Yargı. A tsakani, China ta ci a 2021, Koriya ta Kudu ta ci a 2022 da The King's Affection. Duk wanda yake kallon tashoshin da muke kamawa a gida zai ga cewa wannan jeri ya yi daidai da abin da ya faru a falonmu, inda shirye-shiryen Meziko da Barazil na da suka ja baya, na Turkiyya da Koriya suka shigo suka zauna kusa da na Indiya.

Kyautar 'yan wasa ba ta zo da wuri ba. Sai a 2005 aka fara ba jarumi da jaruma nasu mutum-mutumin, kuma waɗanda suka fara karɓa su ne Thierry Frémont na Faransa da He Lin ta China. Wannan ne rukunin da na fi so, domin a cikinsa ake ganin yadda wasa mai ƙarfi yake ƙetare shingen harshe. Fernanda Montenegro ta Barazil ta ci a 2013 tana da shekara sama da tamanin. Haluk Bilginer na Turkiyya ya ci a 2019 da rawar da ya taka a Şahsiyet, inda ya fito a matsayin tsohon ma'aikacin kotu da likita ya shaida wa ya kamu da cutar mantuwa, sai ya ƙudura hukunta masu laifin da ya sani kafin ƙwaƙwalwarsa ta tafi. Shirin ma a wata manhajar kallo ta intanet aka fara nuna shi. Shekara guda bayan haka, a bikin 2020 da aka yi ta intanet saboda annobar korona, yaro ɗan shekara 13 daga Birtaniya, Billy Barratt, ya ci kyautar jarumi, a daidai lokacin da Glenda Jackson ta ci ta jaruma ita ma tana da shekara sama da tamanin. A 2024 kuma kyautar jaruma ta tafi Thailand.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, Birtaniya ta fi kowace ƙasa kwasar waɗannan kyaututtuka tun farkon gasar, kuma ba na jin inganci kaɗai ne dalili, ko da yake ingancin yana nan. Gidajen talabijin nasu suna da al'adar shiga gasar kowace shekara da shirye-shirye masu yawa, kuma harshen gasar harshensu ne. Alƙalin da yake jin magana kai tsaye daga bakin ɗan wasa yana kama habaici da zolaya da rawar murya, shi kuwa wanda idonsa yake ƙasan allo yana karatu, rabin hankalinsa yana kan rubutu. Barkwanci ne ya fi shan wahalar wannan, domin abin dariya da wuya ya tsira a fassara. Ko nasarar da Vir Das na Indiya ya samu a rukunin barkwanci a 2023, wadda ya raba da shirin Derry Girls, ta zo ne da wasan da mafi yawansa da Turanci ya yi shi.

Akwai kuma wani sabon ruɗani da manhajojin kallo irin su Netflix suka kawo, wanda zai iya ƙara rikita mai bincike irinka. La Casa de Papel ya fara ne a tashar Antena 3 ta Sifaniya a 2017, ya ci Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2018. Shi kuwa Squid Game, wanda da harshen Koriya aka yi shi kuma a Koriya aka ɗauke shi, a gasar Los Angeles aka shigar da shi saboda hannun kamfanin Amurka a cikinsa, kuma a can jaruminsa Lee Jung-jae ya ci kyauta a 2022. Ba a shigar da shiri ɗaya a gasannin biyu, sai masu shi su zaɓi ɗaya bisa ƙa'ida. Saboda haka harshen shiri ba ya gaya maka inda za ka nemi sunansa. Wanda ya zuba kuɗi da inda aka fara nunawa su ne suke yanke wannan.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan dandali, ko da yake kasonta kaɗan ne kuma Afirka ta Kudu ce ta fi yawa a cikinsa. Shirin gaskiya mai suna Miners Shot Down, na Rehad Desai, a kan kisan masu haƙar ma'adinai 34 da 'yan sanda suka yi a Marikana a watan Agustan 2012, ya ci kyautar rukuninsa a 2015. Thuso Mbedu ta kai zagayen ƙarshe sau biyu a jere, 2017 da 2018, da shirin Is'Thunzi, kuma bayan haka ne ta samu manyan ayyuka a Amurka, wanda yake nuna cewa ko ba a ci ba, shiga cikin huɗun nan yana buɗe ƙofa. Daga Najeriya, Mo Abudu ta kamfanin EbonyLife ta shugabanci bikin 2019, kuma binciken da Kiki Mordi ta yi wa sashen BBC Africa Eye a kan malaman jami'a masu lalata da ɗalibai a Najeriya da Ghana ya kai zagayen ƙarshe a rukunin al'amuran yau da kullum a 2020.

To, me ya hana namu? Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma daga baya masu shirya fina-finai suka koma sakin shirye-shirye kashi-kashi a YouTube, harkar dogon zango ta Hausa ta bunƙasa ƙwarai, kuma babu wata ƙa'ida a gasar da ta hana shirin Hausa shiga. Shirin Larabci ya ci, na Turkanci ya ci, na Hindi ya ci. Labari ma ba shi ne matsalarmu ba. Rikicin gado da kishi da auren dole da siyasar ƙaramar hukuma suna da nauyin da zai riƙe kowane alƙali a kujerarsa idan an iya ba da su. Abin da na gani da idona a wurin aiki, kuma ya fi ci mini rai, ƙananan abubuwa ne da ake rainawa. Na farkonsu fassarar ƙasan allo ce. Sau da yawa ana ba da ita ne a ƙarshe ga duk wanda yake kusa kuma yake jin ɗan Turanci, a gaggauce, sai ka ga dattijo ya yi magana mai cike da hikima da kunya da zagi a lulluɓe, amma abin da ya fito a rubuce jimla ce maras gishiri, wani lokaci ma mai kuskure. Na taɓa zama da wani baƙo mai sayen shirye-shirye muna kallon wani kashi da ya sa ni hawaye a karon farko da na gan shi, shi kuwa bai motsa ba, da na bi rubutun da yake karantawa sai na ga ba laifinsa ba ne, domin maganar da uwa ta yi wa 'yarta a daren kai amarya an taƙaita ta zuwa kalmomi biyar. Alƙalin da ba ya jin Hausa ba shi da wata hanya zuwa ga labarin sai wannan rubutu, don haka mai fassara marubuci ne na biyu, kuma ya kamata a biya shi a ba shi lokaci a matsayin haka.

Bayan fassara sai sauti. Idon mai kallo yana yafe hoton da bai kai ba, amma kunne ba ya yafe muryar da take hawa tana sauka, ko ƙarar janareta a bayan zance, ko kiɗan da ya danne magana. Sai kuma takardu, waɗanda ba a ganin su a allo amma su ne suke tsayar da shiri a bakin ƙofa: wa ya mallaki shirin, an rubuta yarjejeniya da marubuci da 'yan wasa, kiɗan da aka sa na wane ne kuma an nemi izininsa? Wanda ya ɗauko kiɗa daga wani fim ɗin waje ya ɗora a shirinsa ba zai iya sa hannu a takardar da take cewa shi ne mai haƙƙin abin da ya miƙa ba, kuma ko gasar ya tsallake, babu mai saye na ƙwarai da zai taɓa shi. Akwai kuma kuɗin shiga, wanda da dala ake biya, kuma ga furodusan da yake haɗa kuɗin kashi na gaba daga abin da kashin baya ya kawo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba ina cewa sai New York ta sa albarka sannan shirin Hausa ya zama mai daraja ba. Miliyoyin da suke jiran sabon kashi kowane mako daga Kano zuwa Damagaram zuwa zangon Kumasi sun riga sun ba da tasu shaidar, kuma gasar fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Afirka mai suna AMVCA da ake yi a Legas tun 2013 ta ba ayyukan harsunan gida wuri. Amfanin Emmy ta ƙasa da ƙasa na kasuwa ne da sanayya. A kwanakin da suke gaban bikin ana taron da waɗanda suka kai ƙarshe suke gabatar da ayyukansu a gaban shugabannin gidajen talabijin na duniya, kuma a irin wannan ɗaki ake ƙulla cinikin da yake kai shiri ƙasashe da dama a fassare, kamar yadda na Turkiyya suka iso gare ka.

Idan kai ko wani na kusa da kai yana harkar, akwai ƙananan ƙofofi biyu da ƙungiyar ta daɗe tana buɗe wa matasa. Ɗaya gasar rubuta wasan talabijin ce mai ɗauke da sunan Sir Peter Ustinov, ta marubuta 'yan ƙasa da shekara 30 waɗanda ba Amurkawa ba, ɗayar kuma gasar bidiyo ce ta minti ɗaya a kan zaman lafiya. Ƙa'idojinsu da na babbar gasar suna shafin ƙungiyar na intanet, kuma a nan ne za ka samu jerin waɗanda suka ci na kowace shekara. Ka duba 2017, rukunin telenobela, za ka tarar da Kara Sevda.